Layin Ingila ba wuya, na gida shi ne abin ji

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, wallahi aikin dare nake yi satin nan shi ya sa ban zauna na ba ka amsa ba, kuma tambayar taka ba ta saƙon murya na minti ɗaya ba ce. Da farko barka da samun biza, Allah Ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ka ce abin da ke damunka ko Infinix ɗinka za ta yi aiki a Coventry, ko kuwa ka sayar da ita ka cika kuɗi ka ɗauki iPhone 'yar Landan a nan Gusau kafin ka taso, sannan yaya ake buɗe layi tunda ba ka da ko takarda ɗaya ta ƙasar.

Bari in fara da na ƙarshen don shi ya fi sauƙi. Nan Ingila babu rijistar layi. E, ka karanta daidai. Ba NIN, ba dangwala yatsa, ba hoto, ba wani yaro ƙarƙashin lema da zai ce maka netwok ɗin Abuja ya ɗauke ka dawo gobe. Ka shiga kowane ƙaramin shago na bakin titi ko babban kanti irin Tesco ka ce sim kake so, wani fam 1 wani ma kyauta, ka sayi katin fam 10 a wurin da tsabar kuɗi, ka ɓalle sim ɗin ka sa a waya, ka kashe ta ka kunna. Wasu da ka loda katin shi ke nan layi ya tashi, wasu irin giffgaff sai ka shiga shafinsu ka rubuta 'yar lambar da ke jikin katin, to wannan yana son intanet, amma akwai wayfai kyauta a Heathrow da makaranta da masaukin ɗalibai. Ni ranar da na fara yi sai da na tsaya ina kallon mai shagon ina jiran ya ce kawo fasfo, shi kuma yana kallona yana jiran in matsa na bayana ya biya kuɗin madara. Lambarka za ta fara da 07, in daga gida za a kira ka a cire sifirin a sa +44. Fam 10 a wata yana ba ka kira da tes ba iyaka cikin ƙasa da data wadda za ta ishe ka in ba kwana kake a TikTok ba. Abu ɗaya, kar zumuɗi ya sa ka saya a cikin filin jirgi, tsada suke yi, wayfai ya ishe ka ka shaida ma su Inna ka sauka lafiya.

Kamfanoni masu turakun sabis na kansu su ne EE da O2 da Vodafone da Three, su biyun ƙarshen ma sun haɗe a 2025. Sauran sunayen da za ka gani birjik a shago duk 'yan haya ne: giffgaff da Tesco Mobile kan O2 suke, Lebara kan Vodafone, Smarty kan Three, Lyca kan EE. Sabis ɗin guda ne, kuɗin ne ya fi sauƙi. Kuma kar ka ɗauka don Turai ce ko'ina sabis cike yake, ɗakina na farko a Bradford ginin dutse ne irin na da, sai na tsaya jikin taga kamar mai leƙen wata kafin kira ya shiga. In ka isa ka tambayi waɗanda ke gidan wane layi ya fi ja a cikin ɗaki. In ka ɗauka bai yi maka ba, ka tura PAC zuwa 65075, su turo maka wata lamba mai aiki kwana 30, ka ba sabon kamfanin, washegarin ranar aiki lambarka ta koma can. Ba ka zuwa ofishin kowa.

Infinix ɗinka kuma ka riƙe abarka. In dai tana 4G za ta yi, don zangon 4G da ake amfani da shi a Najeriya da na nan yawanci sun yi daidai, cazarka ma mai baki uku ita ce dai ake sokawa a bangon nan. Abin lura kawai an kashe 3G a ƙasar, saboda haka ka duba a saitin wayar akwai VoLTE, wato kira ta kan 4G, ka kunna shi. Three ba su taɓa yin 2G ba, in wayarka ba ta da wancan abin ka sa layinsu ko na Smarty sai ka ga data na gudu amma kira ya ƙi fita. In kuma kira na fita data ce ta ƙi, APN ne bai zauna ba, wato saitin intanet na layin, ka nemi na kamfanin a shafinsu ka rubuta da hannu, aikin minti biyu ne.

Maganar 'yar Landan kuwa, a'a. Ban ce duk masu sayar da ita macuta ne ba, akwai mutanen kirki a harkar, su ma sari suka yi ba su san tarihin kowace waya ba. Amma ka gane wani abu: wayar da anka sace a nan, mai ita na kai rahoto ake toshe lambar IMEI ɗinta, wato lambar shaidar wayar, a duk layukan ƙasar, ta zama kwali. Shi ya sa ɓarayin ke fitar da su waje. A Gusau za ta yi maka aiki lafiya lau shekara da shekaru, ranar da ka dawo da ita garinsu ka sa mata sim sai ta yi gum. Wata kuma ba sata ba ce, daga Amurka ta fito a kulle da layin can, anka sa mata ɗan siririn cip a bayan sim don ta karɓi MTN, ka sauya sim ka ga ta fara gardama. In ka nace sai ka saya, ka danna *#06# ka ga IMEI, ka gwada da wadda ke cikin saitin, sannan a iPhone wurin bayanin waya akwai layin da ke nuna ko a kulle take, in ba ka ga an rubuta No SIM restrictions ba ka ajiye masa kayansa. Akwai shafin CheckMEND da ake biyan 'yan kuɗi kaɗan a duba ko an taɓa kai rahotonta. Ni dai shawarata ka zo da kuɗinka. Tun Disamban 2021 Ofcom, hukumar sadarwa ta nan, ta hana kamfanoni sayar da waya a kulle, kuma ta hannu ma in ka saya a shago kana da rasit da garanti.

Wani tarkon da ke jiranka, kuma na san halinka da son waya, shi ne kwantiragi. Za ka ga sabuwar iPhone a gilas an rubuta fam kaza a wata, ka lissafa ka ga ai aikin kwana ɗaya ne. Wata 24 ne, wani har 36, kai kuma digiri na biyu ka zo yi na shekara ɗaya. Da farko ma da wuya su ba ka don sai sun binciki tarihin bashinka kuma ba ka da shi, ga asusun banki ga adireshi. In sun ba ka kuma wata ya zo aiki ya yi ƙasa, haya ta ci kuɗin, cirar da suke yi kai tsaye daga asusu ta dawo ba komai, to an rubuta maka, kuma in abin ya kai sun ce ka gaza biya tabon shekara 6 yake yi a fayil ɗinka, gobe ka je neman hayar gida ko wani abu ya fito. Ka zauna kan na wata-wata wanda kake bari ran da ka ga dama.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na zauna, wanda ba ka ma tambaya ba. Layinka na gida.

Ka tuna Satumban 2021 lokacin Matawalle da anka rufe sabis a Zamfara gaba ɗaya, mutum ya hau mota ya bar jiha don kawai ya yi kira ko ya ga alat? To haka za ka koma a nan in layin gida ya mutu, sai dai kai babu motar da za ka hau. Duk rayuwarka a kan lambar nan take, BVN, NIN, manhajar banki, WhatsApp, Facebook, imel, har asusun UKVI, wato na hukumar biza ta nan, da bizarka ke ciki tunda yanzu ba kati ake bayarwa ba, in da ita ka buɗe. Ni abin ya ci ni. Na zo na cire sim ɗin na jefa a aljihun akwati ina ta murnar sabon layi, sai bayan fiye da shekara na tashi tura ma Baba kuɗin taki daga asusuna na gida, manhaja ta ce sai OTP, na lalubo sim na sa, shiru. Na ce ƙanwarmu ta kira lambar ta ji, sai ga wata mata ta ɗauka tana ce mata lambarta ce ta saya sabuwa. Kamfanin ya sake sayar da ita. Kuma ba su karya doka ba, layin da ya yi wata shida ba kira ba tes ba loda kati suna iya dakatar da shi, in ya ƙara daɗewa su ba wani. Na kira banki sunka ce in cike fom, na cike, sunka ce sa hannun bai yi kama ba, haka munka yi ta yi har sai da na zo hutu na shiga reshe da ƙafata. Kwanakin nan ko barcin kirki ban yi ba don tunanin alat ɗina na shiga wayar wadda ban sani ba. Allah Ya sa matar mai amana ce.

Saboda haka kafin ka bar Gusau ka je ofishin layinka da kanka, ba wurin yaran bakin hanya ba. Ka tabbatar sunan da ke kan layin naka ne, ba na yayanmu ko abokin da ya saya maka tun kuna sakandare ba, kuma an haɗa shi da NIN ɗinka, *996# na nuna maka. In sim ɗin ya tsufa ko ka taɓa yanke shi da reza ka yi welkom bak tun kana nan, don wannan sai da yatsanka, daga Coventry ba mai yi maka. Ka ce su tabbatar romin, wato aikin layin a ƙasar waje, a buɗe yake. Ka bar masa kati ko na dubu biyu ne. In ka sauka ka bar shi a rami na biyu, amfanin waya mai sim biyu ke nan wanda Turawan ma ba su cika damuwa da shi ba, zai kama ɗaya daga layukan nan da kansa, tes na shigowa kyauta, OTP na iso ka. Amma ka kashe masa data, ka zaɓi na Ingila ya zama na intanet, in ba haka ba katin zai ƙare kafin ka fito daga layin shige da fice. Kar ka ɗauki kira a kansa, a romin mai ɗauka ma ana cirar masa. Duk wata ko wata biyu ka loda masa ɗari biyu ta manhajar banki ka tura tes ɗaya, ko barka da Juma'a ce ga Inna, don a ga yana motsi. Kuma kar ka bar ma wani shi a gida wai ya riƙa karanto maka lamba, yau yana gona, gobe ba caji, jibi an ƙwace wayar a hanyar Tsafe, kuɗinka kuma na bayan lambar.

WhatsApp kar ka taɓa shi, ka bar shi kan lambar gida, zai ci gaba da aiki da datar Ingila, in ya tambaye ka ko za ka sauya ka ce a'a. Ka dai sa masa lambar sirrin nan ta mataki biyu. In kana son na lambar nan don 'yan aji da wurin aiki, yanzu waya ɗaya na ɗaukar asusu biyu. Lambar Ingilar ita za ka ba banki da asibitin unguwa da mai gidan haya da masu ba da aiki, saboda haka ka tsaya kan guda, kar ka riƙa sauyawa duk ran da ka ga garaɓasa. In ta zauna ka shiga asusun UKVI ka sabunta, ka tabbatar imel ɗin ciki ma kana iya buɗe shi.

Inna tunda 'yar Nokiyarta mai tocila ce ba ta WhatsApp, ka duba Lebara ko Lyca, su ne ke haɗa mintunan kiran waje a cikin kuɗin wata, ka karanta jerin ƙasashen ka ga Najeriya a ciki kafin ka biya. Lokaci kuma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da gida, da sanyi ya shigo muna bayanku da awa ɗaya, ka kira ta bayan isha'insu kafin ta kwanta.

Sati biyu ba za ka yi da sabon layi ba sai wani ya kira ka da Turanci mai santsi ya ce daga Home Office ne, wato ma'aikatar cikin gida, ko ofishin haraji, akwai matsala a bizarka, ka biya yanzu ko a zo a kama ka. 'Yan damfara ne, sun san sabon zuwa tsoro ke gare shi. Ka kashe kawai. In tes ne ka tura shi 7726, lambar kai rahoton saƙon damfara. In ka shiga Landan kuma ban da tafiya bakin titi waya a hannu, masu keken lantarki ke fizgewa, wadda za ta ƙare a gilas ɗin wani shago a gida ana ce mata 'yar Landan.

Ka danna *#06# ɗin yau ka rubuta lambar a takarda ka sa cikin fasfo, ka turo mani sunan samfurin Infinix ɗin in duba maka VoLTE. In za ka taho ka riƙo mani kuka da daddawa da yajin Inna, kilishi kam kar ka soma, an hana shigo da nama, a filin jirgi za su karɓe. Ka gaishe da Baba, ka ce masa saƙonsa na nan tafe ƙarshen wata in sha Allahu.