Mazurarin albarushi: na roba ya isa, ko sai na ƙarfe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ce ka fara ɗurin harsashi da kanka a gida nan Amurka saboda zuwa filin harbi, kana yin nau'in harsashi biyu, .223 Remington da 6.5 Creedmoor, mazurarin robar da ya zo maka cikin akwatin kayan farawa yana riƙe ƙwayoyin albarushi, wasu kuma suna zubowa ta gefen wuyan kwanso, wato ɓawon harsashin da ake zuba albarushi a ciki, shi ne kake neman shawara ko ka sa kuɗi ka sayi babban saitin alminiyam ɗin nan mai kawuna da yawa. Na daɗe ina wannan aiki, kuma shawarata ita ce ka nemi mazurari na ƙarfe wanda aka huda bakinsa daidai da wuyan kwanson da kake ɗurawa. Tunda iri biyu kawai kake yi, guda biyu sun ishe ka, ɗaya na .22 ɗaya na 6.5. Babban saiti ka bar shi tukuna.

Matsaloli biyu ka kawo, kuma kowace da musabbabinta, don haka maganin ɗaya ba zai warkar da ɗayar ba.

Zubar da kake gani a gefe daga ƙirar mazurarin take. Juya shi ka dubi ƙasansa, za ka ga rami ne mai faɗi daga waje yana tsukewa zuwa ciki. An yi shi haka ne don ya hau kan kowane kwanso, daga .22 har zuwa .45, kuma abin da zai hau kan kowa ba ya zama daram a kan ko ɗaya. Leɓen bakin kwanson ne kaɗai ke taɓa robar. Da zarar hannunka ya ɗan karkata, kafa ta buɗe, ƙwaya ta bi ta nan ta faɗa kan tebur. Albarushi mai ƙananan ƙwayoyi zagayayyu irin H335, wanda masu .223 ke yawan amfani da shi, ya fi kowane iya bin irin wannan kafa. A wasu kwansunan ma, masu kauri da gajeren wuya kamar dangin harsashin WSM (Winchester Short Magnum), gindin mazurarin kan dira a kan kafaɗar kwanso tun bakin bai kai inda zai toshe ba, sai ka ga kamar ya zauna alhali akwai tazara a ciki. Ka gwada wannan: ɗora mazurarin a kan kwanson da babu komai ciki, saki hannunka, sannan ka ɗan tura shi gefe da ɗan yatsa. In ya yi lilo ko ya faɗi, to duk ɗurin da za ka yi sai hannu ɗaya ya riƙe shi, hannu ɗaya na zuba, kuma a nan ne hankali ke rabuwa biyu.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Ramin da albarushi ke bi a mazurarin gama-gari dole ya zama ƙarami ƙwarai don ya dace da mafi ƙanƙantar wuya. Kai kuwa kwanson Creedmoor ɗinka na ɗaukar harsashi mai faɗin inci 0.264, na .223 kuma inci 0.224. Wato kana tilasta wa albarushin Creedmoor bin ƙofar da aka yi wa ƙaramin ƙanensa. Yawancin masu harba Creedmoor kuwa albarushi mai dogayen ƙwayoyi suke zubawa, irin H4350, wanda ƙwayarsa ke kama da guntun bakin fensir. Irin waɗannan in suka taho a tare sai su gicciya su toshe ramin. Wannan ya fi zuba a tebur hatsari nesa ba kusa ba, domin zuba kana ganinta. Toshewa kuwa, in ka ɗaga mazurari ba ka leƙa ba, ragowar za ta bi ka zuwa kwanso na gaba, ka tashi da ɗaya mai ƙarancin albarushi, na kusa da shi kuma ya wuce ƙima. Na farkon zai ɓata maka harbi, na biyun yana iya ɓata bindiga har da fuskar mai ita.

Mannewar ƙwayoyi a jikin roba kuma lantarkin gogayya ne ke kawo ta. Ka tuna lokacin hunturu a gida, in mutum ya cire riga da daddare yana jin tas-tas har ya ga ɗan tartsatsi? To shi ne. Roba na tara wannan lantarki, busasshiyar iska kuma na ƙara shi, shi ya sa abin ya fi tsanani da sanyi lokacin da na'urar ɗumama ɗaki ta shanye danshin gida. Kafin sabon mazurari ya iso, ga abin da nake yi wa na roba. Na wanke shi da ruwan sabulun wanke-wanke, in bar shi ya bushe da kansa ba tare da na ɗauraye ba. Ko kuma in goge ciki da waje da ɗan ƙyallen nan da ake jefawa cikin injin busar da tufafi. Dukansu suna aiki, sai dai na ɗan lokaci ne, za ka maimaita. Bayan an jima ana amfani da shi za ka ga cikinsa ya yi toka-toka yana ɗan sheƙi. Kada ka goge wannan. Garafait ne da ake shafa wa ƙwayoyin albarushi tun daga masana'anta, shi ke sauka a jikin robar, kuma yana rage mannewa. Mai ko wani abin feshi mai maiƙo kuwa kada ya kusanci inda albarushi ke bi.

Wani zai ce ƙwaya uku ko huɗu ai ba komai ba ne. Mu yi lissafi. Ma'aunin da muke amfani da shi giren ne, kuma giren 7,000 ke yin laba ɗaya, kowane giren bai kai miligiram 65 ba. Ƙwaya ɗaya ta albarushin Varget tana kusan giren 0.02. Ƙwaya biyar ke nan sun zama giren 0.1, wanda shi ne iyakar abin da yawancin ma'aunan da ke kan teburanmu ke iya bambancewa. Ka zauna ka yi ta ɗiga ƙwaya ɗaya-ɗaya har ma'auni ya tsaya cak, sannan biyar su maƙale a roba, wahalarka ta tafi a banza. In harbinka a yadi 100 ne kana nishaɗi, ba za ka ga bambanci ba, gaskiya. Amma wanda ya sayi Creedmoor galibi nesa yake hange. Kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 ne domin masu gasar harbin nesa, kuma a yadi 600 zuwa sama, ɗan bambancin gudu tsakanin harsashi da harsashi na fara bayyana a jikin takardar da ake auna wa harbi, wani ya hau sama wani ya sauka ƙasa.

Game da abin da ke kasuwa, na roba irin na kamfanin Lee mai ja da na kamfanin RCBS mai kore su ne kusan kowa ya fara da su, kuɗinsu kaɗan ne, kuma ga mai ɗura manyan kwansuna jefi-jefi babu abin kunya a cikinsu. Har yanzu akwai ɗaya a aljihun teburina saboda kwanson da ban saya wa nasa ba. MTM na da saitin roba mai kawunan musanyawa, ya magance zaman da ba daram ba, amma roba ce dai. Wanda na fi so shi ne irin na Satern, kamfani ne a jihar Iowa. Jikinsa alminiyam, bakinsa tagulla, kowane an yi shi don girma ɗaya tak. Ka zura shi a wuyan kwanso ya zauna da kansa, nauyin tagullar ya danne shi, ka zuba ka ji sautin ƙwayoyi na gangarawa shuuu, ka leƙa ka ga ƙarfe fes babu ko ɗaya. Saitin da kake tambaya a kai, irin na Area 419 da ke Ohio ko na Lyman, aikinsu ɗaya da wannan, kai kawai ake sauyawa. Kaya ne masu kyau, ban kushe su ba. Amma wanda ke ɗura iri biyar ko shida ne zai ci moriyarsu. Kai za ka biya kuɗin kawunan da za su yi shekaru a cikin akwati, ga kuma kwance wannan ɗaura wancan duk lokacin da ka sauya. Rarar kuɗin ka zuba ta a ma'auni mai kyau.

Za ka ga wasu mazuraran da dogon bututu a ƙasa, kamar na Forster. Amfaninsa shi ne ƙwayoyi na faɗowa daga sama a jere su shirya kansu, sai albarushin ya zauna ƙasa-ƙasa ya bar wa harsashi wuri. Yana taimakawa a .223 in ana zuba masu dogayen ƙwayoyi, domin kwanson kan cika har wuya. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: bututu na gyara zaman adadin da littafin ɗuri, mai ƙayyade yawan albarushin kowane harsashi, ya yarda da shi ne kawai. Ba dabarar cusa ƙari ba ce. Sau da yawa ma ba ka buƙatarsa. Ka karkata ɗan kaskon ma'auni ka riƙa zubawa sannu a jikin bangon mazurari, ƙwayoyin su yi kewaye kafin su shiga, za ka ga sun zauna ƙasa fiye da in ka juye gaba ɗaya, toshewa ma ta ragu.

Ko da wane ka saya, tsarin aiki iri ɗaya ne a wurina. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, sauran suna cikin kabad. In na zuba, na ɗan ƙwanƙwasa mazurarin da farce, in leƙa ta ramin har in ga duhun cikin kwanso kafin in ɗaga. Kwansunan da ba a ɗura ba suna hagu, bakinsu a kife, waɗanda aka ɗura suna dama. Kafin in ɗora harsashi ko ɗaya, sai na tashi tsaye da tocila na bi layi-layi ina duba ko tsayin albarushin ya zo ɗaya a dukansu. Ranar da za ka fara ɗura na ƙaramar bindigar hannu, wannan dubawar ta zama wajibi, domin kwansonta na iya ɗaukar zubi biyu ba tare da ya tumbatsa ba.

Sai wani abu da ya shafe mu baƙi musamman, tunda ban san irin takardar zamanka ba. A dokar tarayya ɗuri don amfanin kanka ba ya buƙatar lasisi, amma yi don sayarwa sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar makamai. Kuma a wurin dokar, kwanso da firaima (ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi) da albarushi duk harsashi ne, ko ba a haɗa su ba. Wanda ke zaune da bizar wucin gadi, kamar ta ɗalibi, an hana shi mallakarsu sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, misali mai lasisin farauta da bai ƙare ba, jihohi kuma kowace da nata ƙarin. Masu karantawa daga Najeriya kuwa su sani dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, don haka kada kowa ya ce a sako masa waɗannan kaya cikin jaka in ana zuwa hutu.

In za ka yi oda, ka tabbata girman da aka rubuta shi ne .22 ga na .223 ɗinka, 6.5 ko .264 ga Creedmoor. Da sun iso ka gwada su a kan kwansunan da ka riga ka matse wa wuya, domin wuyan wanda aka harba ba a gyara ba ya ɗan fi faɗi, yana iya ƙin shiga ka zaci mazurarin ne ba daidai ba. Allah Ya tsare, Ya ba da sa'a a fili.