Iskar da muke saye da kuɗi a Kuala Lumpur

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya na ce ka bari sai na zauna, domin ba irin wadda ake amsawa ana goge teburi ba ce. Ka ga takardar kuɗin wuta ka ce: "Maigida, ga rana kyauta Allah ya ba mu a garin nan. Me ya sa muke kulle nama wata biyu a ɗakin sanyi muna ƙona ringit? A gida da safe ake fere naman kilishi, kafin la'asar ya bushe. Su ma Turawan masu abin ai a iska suke ratayewa." Tambayar ɗan gidan fawa ce, kuma na ji daɗinta.

Tuna yadda ake kilishi. Ana fere tsoka sirara kamar takarda, a baza ta a kan asabari, ruwan da ke cikinta ba shi da wata tafiya mai nisa kafin ya fita. Da hunturu a Kano iska busasshiya ce ƙarau, leɓenka ma tsagewa yake, balle yankan nama. Kafin ruɓa ta samu wurin zama an gama, an tsoma a labu, an sake shanyawa, an nuna wa wuta. Sauri ne ke tsare kilishi.

Abin da muke yi a shagon nan ba ya sauri. Dubi bresaola da ke rataye a ɗakin: dunƙulen cinyar saniya ne guda, kilo 2, kaurinsa ya kai damtsenka. Ruwan da ke tsakiyarsa sai ya yi makonni yana tattaki kafin ya iso fata ya fita. Duk tsawon wannan lokaci naman ɗanye ne, wuta ba ta taɓa shi ba, gishiri da sanyi kaɗai ke gadinsa. Shi ya sa sana'ar ta tashi a inda ta tashi. Bresaola 'yar kwarin Valtellina ce, a arewacin Italiya, gindin duwatsun Alps. Ƙetaren dutsen, a Graubünden ta Suwizalan, suna da nasu busasshen naman shanu da suke dannewa ya zama mai kusurwa huɗu, ya rasa kusan rabin nauyinsa. A León ta Sifaniya akwai cecina, wadda ake yi wa hayaƙi sannan ta zauna aƙalla wata 7. Manoman Turai a da sai sanyi ya kama, wajen Nuwamba da Disamba, suke yanka, don su san iska za ta riƙe musu naman har bazara. Ka ce a iska suke ratayewa, gaskiya ne. Amma iskar tana cikin kayan aikinsu kamar wuƙa da gishiri, kuma ita ce kayan aiki guda da ba a iya ɗaurewa a saka a jirgi.

Mu kuwa muna zaune kusan digiri 3 daga tsakiyar duniya. Da rana zafi 32 ko 33, da dare da ƙyar yake sauka 24, danshi yana yawo wajen kashi 80 cikin 100, kuma haka shekara take zagayowa, babu hunturu. Rataye wannan dunƙule a baranda, kafin kwana biyu hancinka zai ba ka labari. Abin da nama ke so shi ne sanyi digiri 12 zuwa 14, danshi kashi 75 zuwa 80, da iska mai motsi a hankali, wadda ba za ta ɗaga takarda ba. Ka lura danshin garin nan bai yi nisa da abin da ake so ba. Zafin ne matsala. To da ka kunna na'urar sanyi don ka kore zafin, sai ta tsotse danshin ta bar maka iska busasshiya. Shi ya sa ka ga na'ura biyu a ɗakin kamar suna faɗa, ɗaya na sanyaya, ɗaya na fesa raɓa.

A nan na yi asarata ta farko, kuma ina so ka san ta don kada ka maimaita. Lokacin na bar wurin tsohon Bajamushen da ya koya mini aikin a kicin ɗin wani otal, na buɗe nawa, na rataye cinya goma sha biyu a ɗaki mai sanyi sosai ba tare da na kula da danshi ba. Bayan mako uku bayansu ya yi tauri, launi ya yi kyau, na ɗauka aiki ya tafi. Da na sa wuƙa a ta farko sai na ga zobe baƙi mai ƙarfi kamar ƙirgi a kewaye, tsakiya kuwa laushi tuɓus, launin toka, da wari mai tsami. Fatar ta bushe da wuri ta kulle ƙofa, ruwan ciki ya rasa hanyar fita ya ruɓar da naman daga ciki. Duka goma sha biyun na zubar. Da ina aunawa da na gane tun mako na biyu, domin nauyin ya daina sauka.

Wannan ne dalilin katin da nake sa ka ɗaura wa kowane dunƙule, wanda na san kana gani kamar wahala ce kawai. Nama kilo 2 yana shan gishiri giram 60, wato kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, ya kwana kamar mako biyu a firji mai digiri 3 ko 4 ana juya shi, sannan a ɗaure a rataye. Ba ya sauka sai ya rasa wajen kashi 35 cikin 100, wato sai sikeli ya nuna kilo 1.3. Ido yana ruɗi, yatsa yana ruɗi, amma lambar da ka rubuta ranar Litinin da wadda ka rubuta Litinin ta gaba ba sa ruɗi. Farar fumfuna mai kama da gari da kake gani a bayan salami, wato busasshen sosej, kuwa kada ka goge ta, mu muka shuka ta, tana rage saurin bushewa kuma tana hana mugayen zama. Wadda za ka kira ni a kanta ita ce kore, baƙa, ko mai gashi.

Sai gishirin nan mai ruwan hoda da nake kullewa a akwati. Na ji ka ce wa abokin aikinka kakanninmu ba su san shi ba kuma sun rayu. Kakanninmu ba su cusa niƙaƙƙen nama a hanji sun bar shi wata guda ba wuta ba. Cikin sosej babu iska, kuma akwai ƙwayar cutar da nan ne gidanta. Gubarta tana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma sau da yawa naman ba ya wari. Sunan cutar ma, botulizim, daga kalmar Latin ta sosej aka samo shi, kuma wani likita a kudancin Jamus, Justinus Kerner, shi ya fara rubuta bayaninta dalla-dalla wajen 1820, bayan mutane sun yi ta mutuwa a Württemberg. Sinadarin naitirait da ke cikin gishirin, kashi 6.25 cikin 100, shi ke hana ta. Giram 2.5 ake sa wa kilo guda na nama, ba ƙari ba ragi, domin shi ma in ya yi yawa guba ne, kuma don haka aka rina shi kada a ɗauke shi a matsayin gishirin miya. Wannan ba a ɗibarsa da hannu. Ƙaramin sikelin nan nasa ne shi kaɗai.

Iska rabin aikin ce. Ɗaya rabin ba ka tambaya ba, amma in ba ka san shi ba ba za ka gane dalilin da ya sa kayanmu suke yadda suke ba. Shagon delikatesan na Turai, in ka shiga, yawancin abin da ke rataye alade ne. Mu ba ma taɓa shi, kuma mafi yawan masu sayenmu Musulmi ne. Cire shi ba wuya, cike gurbinsa ne aiki, kuma duk maganar a kitse take. Kitsen shanu ba ya narkewa sai zafi ya haura 40, bakin mutum kuma 37 ne, shi ya sa in ka ci salamin shanu mai sanyi da aka yi da kitsen ƙoda sai ka ji ya lulluɓe maka ganɗa kamar kyandir. Na daɗe ina gwaji kafin na tsaya a kan kitsen ƙirji, wanda ya fi laushi. Kai da ka san tozo ka san ba duk kitsen sa ne ɗaya ba. Ƙirjin agwagwa kuwa ni'ima ne a wannan sana'a: kitsensa yana narkewa a kan harshe, kuma saboda ƙanƙantarsa mako biyu zuwa uku ya isa. Hanjin tumaki muke cusa ƙananan sosej. Giya da Italiyawa ke zubawa a haɗin gishirinsu mun cire ta. Mastad ma sai na karanta bayan kwalba, don wasu akwai farar giya a ciki, cuku kuma sai na san da me aka daskarar da madararsa, tunda da yawa daga tsofaffin cukun Turai da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake yi, kuma ba mu san wa ya yanka maraƙin ba.

Hukumar JAKIM mai ba da shaidar halal a Maleshiya ba ta wasa da waɗannan. Naman da ke shigowa daga waje sai daga mayankar da aka amince da ita, kuma ƙasar nan yawancin namanta daga waje yake zuwa, na ɓaunar Indiya mai araha da na shanun Ostireliya. Na Ostireliya nake saye don busarwa. Har suna suna dubawa: abin da aka yi da talotalo tsantsa ba za ka kira shi da sunan da aka san naman alade da shi ba, kuma a 2016 an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu a kan sunan sosej ɗin da ke ɗauke da kalmar kare a Turance. Mutanen nan 'yan mazhabar Shafi'i ne, kayan aikin da alade ya taɓa sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Shi ya sa na ƙi sayen injin yanka na hannu da aka kawo mini da araha, tunda ba a san inda ya yi aiki ba. Wasu masu sana'ar suna ƙorafi da wannan tsauri. Ni ina ganin shi ne ya sa tsohuwa 'yar Malay take shigowa ta sayi abin da ba ta taɓa gani ba hankalinta kwance.

Kuma ka daina jin haushi in mai saye ya ɗaga yankan bresaola ya ce ɗanye ne. Ba rashin sani ba ne. Mutanen yankin nan sun san adana abinci tun kafin mu zo: suna da dendeng, wanda in ka gani za ka tuna kilishi, da serunding ta Kelantan da take 'yar'uwar dambun nama sak, da kifin gishiri, da belacan, wato daddawar jatan lande. Zafin ƙasarsu ne ya koya musu cewa nama sai ya ga wuta, kuma a ƙasarsu wannan darasi daidai ne. Saboda haka na sa pastrami a bakin ƙofa. Ƙirjin saniya ne da aka jiƙa a gishiri, aka shafe da masoro, aka kyafe, aka turara, ana yanka shi da zafinsa yana tururi. Yahudawan Romaniya suka kai shi New York, kuma da yake ba sa cin alade su ma, da naman shanu ya yi suna. Wanda ya ci shi sau uku, a na huɗu sai ka miƙa masa yanki ɗaya na agwagwa a kan wuƙa, siriri har haske na ratsa shi, ka yi shiru ka bar shi ya tauna.

Turawan unguwannin Mont Kiara da Bangsar za su saya, amma su baƙi ne, kwangila ta ƙare sun tafi. Tun 1903 aka kafa kamfanin Cold Storage don kawo wa Turawa daskararren nama a Singafo, don haka sayar wa Bature abincin garinsu ba sabon abu ba ne a yankin nan. Abin da nake hange shi ne abin da ya faru a Saigon. Faransawa suka kai dogon burodinsu da niƙaƙƙiyar hanta, mutanen Biyetnam suka karɓa suka cusa masa karas mai tsami, ganyen koriyanda da barkono, ya zama banh mi, yau ana sayar da shi a kowane lungu kuma ba mai kiransa abincin baƙo. Don haka ranar da wani ya nemi ka shafa masa sambal, miyar barkonon nan tasu, a burodin pastrami, shafa masa da kyau. A kan ɗanɗano ina sassauci ko da yaushe. Gishiri da sanyi da sikeli ne ba na ciniki a kansu.

Gobe ka zo da wuri. Na ware maka ƙirjin agwagwa huɗu, naka ne daga farko har ƙarshe. Kai za ka auna, kai za ka lissafa gishirin, kai za ka rubuta katin. Uku za mu rataye a ɗakin sanyi. Na huɗun ka rataye shi a bayan shago cikin raga, nesa da sauran kaya, ba don ci ba, ka riƙa duba shi safe da yamma kana rubuta abin da ka gani da abin da hancinka ya ji. Ranar Juma'a bayan masallaci ka kawo mini littafin mu duba tare.