Me Ya Sa Ake Tura Ɗalibin Seminari Wurin Mai Ba Da Shawara?

Tambaya: Ɗana yana shekara ta uku a babbar seminari, yana karatun zama firist. Da ya zo hutu nan Katsina ya gaya mini cewa shugabannin makarantar sun ba shi shawara ya riƙa ganin wata ƙwararriya a ilimin halayyar ɗan'adam, har sun ba shi takarda ya karanta ya sa hannu. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. 'Yan'uwan mahaifinsa suna cewa ko dai an ga alamar taɓin hankali tare da shi, ko kuma hanyar korarsa ake nema. Mene ne amfanin wannan ga wanda zai yi aikin Allah, addu'a ba ta isa ba? Kuma abin da ya faɗa a can, zai kai kunnen Bishop? Daga wata uwa, Katsina.

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya shi ya kuma cika masa burinsa na alheri. Ki kwantar da hankalinki, domin a tsarin horar da firistoci na cocin Katolika a yau, tura ɗalibi wurin mai ba da shawara ba shaida ce ta taɓin hankali ba, ba kuma share fagen kora ba ne. Wani sashe ne na horon kansa, kuma yana da dokoki rubutattu da suka fayyace wanda zai ji abin da yaro ya faɗa da wanda ba shi da izinin ji.

Tun a shekarar 1563 Majalisar Trent, wani babban taron shugabannin cocin Katolika, ta umarci a kafa seminari domin horar da firistoci, kuma tsawon ƙarnoni abin da aka fi sa wa ido shi ne karatu da ibada da ladabi. A 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta ce a riƙa cin moriyar ingantaccen ilimin halayyar ɗan'adam wajen tarbiyyar ɗalibai. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙarsa mai suna Pastores Dabo Vobis, inda ya kasa horon gida huɗu: gyaran ɗabi'a da mutuntaka, rayuwar ruhaniya, ilimi, da aikin kiwon jama'a. Ya kuma ce na farkon shi ne tushen sauran, domin halin firist ya kamata ya zama gada da mutane za su bi su kai ga Almasihu, kada ya zama shingen da zai tare su. Ai kin sha gani a rayuwar Ikilisiya: mutum ya iya wa'azi, ya san Littafi Mai Tsarki ciki da waje, amma idan mai saurin fushi ne, ko ba ya jure a yi masa gyara, ko hannunsa ba ya tsayawa a kan kuɗin baikon da masu bi ke bayarwa a coci, jama'a za su watse masa, kuma duk karatunsa ba zai dawo da su ba.

Wannan gyaran ɗabi'a shi ne inda jagoranci da ba da shawara suke aiki. Dokar coci ta 1983 ta tanadi aƙalla shekara shida na karatu, biyu na falsafa, huɗu na tauhidi, kuma ba a naɗa mutum firist sai ya cika shekara 25. Tsarin da fadar Vatican ta fitar a 2016 ya wajabta lokacin share fage na aƙalla shekara ɗaya kafin falsafa. A nan Najeriya, idan aka haɗa da shekarar aiki a cikin jama'a, tafiyar takan kai shekara tara ko fiye. Yaro yakan shiga da ƙuruciyarsa ya fito cikakken mutum, kuma a cikin waɗannan shekaru ne zai yanke shawarar zama babu aure har ƙarshen ransa, ya yi alkawarin biyayya ga Bishop, ya karɓi rayuwar da za a iya tura shi ƙauyen da bai san kowa ba. Wanda zai ɗauki irin wannan alkawari dole ne ya san kansa: me ke tayar masa da hankali, yaya yake yi da kaɗaici, wane rauni ya taso da shi daga gida, kuma kiran nan nasa ne ko na iyayensa ne ya ɗauka don ya faranta musu.

Game da addu'a, coci ba ta taɓa cewa mai ba da shawara ya maye gurbinta ba. Takardar da Vatican ta fitar a 2008 kan amfani da ilimin halayyar ɗan'adam a seminari ta nanata cewa kira baiwar Allah ce, tantance shi kuma ba aikin ƙwararren masani ba ne. Sai dai da zazzaɓi ne ya kama yaron, da kin yi masa addu'a kin kuma kai shi asibiti, ba tare da kin ji cewa bangaskiyarki ta ragu ba. Damuwa mai tsanani, da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, da rashin barci mai daɗewa, su ma suna da masu ilimin kula da su.

Ba sai na tuna miki halin da yankinmu yake ciki ba. A watan Janairun 2020 'yan bindiga sun shiga babbar seminarin Good Shepherd da ke Kaduna suka sace ɗalibai huɗu, suka kashe ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 18, wanda ɗalibin Dayosis ɗin Sakkwato ne, wato yankin coci da Bishop ɗin Sakkwato ke jagoranta, lokacin da Katsina take ƙarƙashinta. A watan Mayun 2021 an kai hari gidan firistoci a Malumfashi, aka kashe firist ɗaya aka tafi da wani. Samarin da ke seminari yanzu da waɗannan labarai suke kwana, wasunsu ma an tashi ƙauyukansu ko an biya kuɗin fansar wani nasu. Sabuwar Dayosis ɗin Katsina, wadda Fafaroma Francis ya kafa a watan Oktoban 2023 ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ya jagorance ta, tana buƙatar firistocin da za su zauna da zawarawa da marayu da waɗanda suka dawo daga daji. A ganina, wanda bai samu inda ya sauke nasa tsoron ba, da wuya ya iya sauraron na wani. Ko dai ya taurare zuciyarsa, ko ya nemi mafaka wurin giya.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi buƙatar bayani. A seminari mutum uku ne suke jin cikin ɗalibi, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne firist ɗin da yake furta wa zunubi. Wannan sirri ne da ba a buɗewa ko da wane dalili, kuma firist ɗin da ya tona shi ya fitar da kansa daga tarayyar coci. Don haka ne ma doka ta hana shugaban seminari sauraron furcin zunubin ɗalibansa, sai idan ɗalibin ne da kansa ya nema. Na biyu shi ne jagoran ruhaniya, wanda doka ta ce kowace seminari ta kasance tana da aƙalla ɗaya. Doka ta 240 a cikin dokar coci ta ce idan an zo yanke hukuncin naɗa ɗalibi ko sallamarsa, ba za a taɓa neman ra'ayin jagoran ruhaniya ko mai jin furcin zunubi ba. An yi haka ne domin yaro ya buɗe cikinsa ba tare da fargabar cewa maganarsa za ta dawo ta ci shi ba.

Na uku ita ce ƙwararriyar da aka tura ɗanki wurinta. Takardar 2008 ta ce irin wannan masani ba ya cikin malaman da ke yanke hukunci a kan ɗalibi, kuma ba za a gwada ɗalibi ko a yi masa jinya ba sai da yardarsa, wadda ya bayar tun da farko, a fili, bisa sani, ba da tilas ba. Rahoton da masanin zai rubuta kuwa ba ya kaiwa hannun shugabanni sai ɗalibin ya amince a rubuce. Duk wannan ya ginu ne a kan doka ta 220, wadda ta kare mutuncin kowane mai bi da haƙƙinsa na riƙe sirrinsa. Saboda haka takardar da ya sa wa hannu, bisa dukkan alamu, ita ce wannan yardar, kuma kariya ce gare shi. Idan ya amince a ba da rahoto, tsarin 2016 ya taƙaita masu ganinsa ga Bishop da shugaban seminari da jagoran ruhaniya. Amsar ke nan: wani abu zai iya kaiwa ga Bishop, amma da izinin ɗanki, kuma abin da ake buƙata shi ne bayanin da ya shafi cancantarsa, ba duk hirar da suka yi a ɗaki ba.

Gaskiya ɗaya ce ba zan ɓoye miki ba. Ɗalibi yana da 'yancin ya ƙi, kuma ba a yarda a tilasta masa ba, amma doka ta hana Bishop naɗa wanda yake da shakka mai dalili a kan cancantarsa. Idan malamai sun ga abin da ya dame su, yaro kuma ya rufe duk ƙofar da za a bi a fahimce shi, shakkar tana nan, kuma ita ce za ta iya tsayar da shi. Shi ya sa nake ganin ɗanki ya yi dabara da ya karɓa, kuma gaya miki da ya yi alama ce ta cewa ba ya jin yana da abin kunya.

Akwai inda al'adarmu take sa aikin nan ya yi wuya. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara, ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma namiji ba ya kuka. Yaron da ya tashi haka yana iya shekara takwas a seminari yana cewa lafiya lau, yana bin kowace doka, babu wanda ya san abin da ke cin sa, sai bayan naɗi abin ya fashe a gaban jama'a. Ta ɗaya ɓangaren kuma, yawancin gwaje-gwajen da masana ke amfani da su a Amurka da Turai aka tsara su, cikin Turanci. Ɗan Bahaushen da ya sunkuyar da kai gaban babba, ya taƙaita magana, ladabi yake yi, amma masanin da bai san mu ba zai iya rubuta cewa ba shi da ƙarfin gwiwa ko yana ɓoye wani abu. Don haka ina ganin wajibi ne seminari ta zaɓi wanda ya san al'ada da harshen ɗalibai, ya kuma mutunta koyarwar coci a kan aure da tsarkin rai, kuma kada a taɓa sallamar yaro bisa takardar gwaji ita kaɗai. Seminarin da ta mai da ɗakin shawara wurin tattara bayanan sirri ta saɓa wa dokar da ta kafa ta, kuma ɗalibai za su gane da wuri su koma yin shiru.

Wani lokaci shawara takan kai saurayi ga gane cewa aure ne hanyarsa. Coci ba ta ɗaukar wannan a matsayin faɗuwa, domin ai don tantancewa aka tsawaita shekarun. Nauyin da ya fi danne ɗalibai da yawa shi ne na gida: an fara kiran uwa Maman Fada, wato uwar firist, tun yaro yana aji ɗaya, 'yan Ikilisiya sun yi karo-karo, dangi sun sa rai zai ɗauki karatun ƙanne. Da yawa sukan ci gaba don gudun abin da za a ce.

Abin da zan roƙe ki, Mama, shi ne kada ki matsa masa ya gaya miki abin da suke tattaunawa, kuma ki ja kunnen baffanninsa su daina yaɗa maganar taɓin hankali, don irin wannan magana takan bi mutum har bayan naɗi. Ki tambaye shi ko ya karanta takardar da kyau, ko ta bayyana sunayen waɗanda za su ga rahoton, ko kuma an gaya masa zai ji sakamakon da kunnensa kafin a miƙa wa kowa. Idan akwai abin da bai gane ba, yana da damar komawa wurin shugaban seminari ya nemi bayani. Ke kuma kina iya zuwa wurin firist mai kula da masu neman shiga aikin firist a Dayosis, ko Fadan Ikilisiyarku, ki yi tambayarki. Za su bayyana miki tsarin, amma ba za su ba ki abin da ke cikin rahoton ba sai da yardar ɗanki. Kafin ya koma makaranta, ki faɗa masa da bakinki cewa ko an naɗa shi ko ya dawo gida, ɗakinsa yana nan.