Yadda za ka karanta hoton da Millet ya zana na mata masu yin kala a gona

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka zanen Jean-François Millet, mai zanen hoto ɗan Faransa, na mata uku a gonar alkama ka yi sharhi a kai, amma ba ka ga komai ba sai mata sun sunkuya.

Fara da gaban zanen. Matan ba girbi suke yi ba, kala suke yi: tsintar zangarniyar da ta zube bayan an kwashe amfanin gona. Dubi ta hagu, hannunta ɗaya a bayanta riƙe da 'yan zangarniyoyi, ɗayan yana laluben ƙasa. Ta dama ta ɗan ɗago, amma bayanta bai miƙe ba. Kawunansu duka suna ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa.

Sai ka kai idonka can nesa: tarin dammuna, amalanke cike, ma'aikata da yawa, da wani a kan doki yana sa ido. Haske ya fi yawa a can. Wannan tazarar tsakanin yalwa da 'yar tsintuwa ita ce zuciyar zanen.

An nuna shi a Paris a 1857, ba a daɗe da juyin juya halin Faransa na 1848 ba, shi ya sa masu hannu da shuni suka ji haushin yadda ya fito da wannan tazarar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke shi hoton kyawun ƙauye kawai, ko a yanke hukunci kan launi daga allon waya, wanda ke sauya shi.

In aikin na makaranta ne, nuna wa malamin tarihin zane abin da ka rubuta kafin ka miƙa.