Shin Kirista alloli uku suke bauta wa?

Tambaya: Baba Fasto, ni mai koyar da yara ce a makarantar Lahadi a Zuru. Wata maƙwabciyata ta ce mini Kirista alloli uku muke bauta wa, na kuwa kasa ba ta amsar da ta gamsar da ni kaina. A ina koyarwar Triniti, wato cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, take a Littafi Mai Tsarki?

Amsa: 'Yata, Kirista Allah ɗaya yake bauta wa, kuma duk bayanin da ya kauce wa wannan ya fita daga bangaskiyar Ikkilisiya. Maimaitawar Shari'a 6:4 ta ce Ubangiji Allahnmu ɗaya ne, Yesu da kansa kuma ya maimaita wannan aya a Markus 12:29 sa'ad da aka tambaye shi umarnin da ya fi duka.

Sai dai Littafin da ya kafa wannan, shi ne kuma ya kira Uba Allah, ya kira Ɗa Allah, ya kira Ruhu Mai Tsarki Allah. Yahaya 1:1 ta ce Kalman yana tare da Allah tun farko, shi kuwa Allah ne, aya ta 14 kuma ta ce ya zama mutum, wato Yesu. Toma ya kira Yesu Ubangijinsa da Allahnsa a Yahaya 20:28, Yesu bai tsawata masa ba. Bitrus kuma ya gaya wa Hananiya, a Ayyukan Manzanni 5:3-4, cewa ƙaryar da ya yi wa Ruhu Mai Tsarki, Allah ya yi wa ita. Duk da haka ukun ba su gauraya ba, gama a baftismar Yesu a Kogin Urdun Ɗan yana fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, muryar Uba kuma tana magana daga sama, duka a lokaci guda. A Matiyu 28:19 kuwa, suna ɗaya aka ce a yi baftisma da shi, na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ikkilisiya ta ƙi zubar da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu. Da Ariyus, wani malamin Ikkilisiya a Iskandariya, ya koyar cewa halittar Ɗa aka yi, majalisar shugabannin Ikkilisiya da ta zauna a birnin Nikiya a shekarar 325 ta ƙi maganarsa, ta tabbatar cewa ainihin Ɗa da na Uba ɗaya ne, majalisar Konstantinoful ta 381 kuma ta ƙarfafa haka game da Ruhu.

Abin da na fi so ki warware wa maƙwabciyarki shi ne batun "Ɗa". Ba muna nufin Allah ya yi aure ya haihu ba, Allah ya yi nesa da haka, kuma Maryamu ba ta cikin Triniti. Dangantaka ce ta har abada wadda ba ta da mafari. Ina kuma roƙonki kada ki koya wa yaran misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, ko da yake yana da saurin shiga kai, domin yana nuna abu ɗaya ne mai sauya kama, alhali Yesu addu'a yake yi ga Uba, ya kuma yi alkawari a Yahaya 14:16 cewa zai roƙi Uba ya ba da wani Mai Taimako. Ki buɗe musu waɗannan ayoyi su karanta da bakinsu, ita kuma maƙwabciyar taki ki amsa mata da ladabi da natsuwa, ki fara da ayar Maimaitawar Shari'a.