Gejin babur ɗina yana ruɗa ni, rizab kuma ya ƙi kawo mai: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Babur ɗina ƙirar Boxer ne, da shi nake zirga-zirga tsakanin Wudil da Kano. In na cika tanki sai allurar geji ta daɗe a kan F (alamar cika), amma da ta sauko rabi sai ta zube ƙasa nan da nan. Kwanan baya kuma ya mutu mini a hanya, na juya makullin mai zuwa rizab, ko ɗigo bai zo ba. Wani abokina ya ce rizab wani ƙaramin tanki ne daban a ciki, wai nawa ne ya toshe. Shin haka ne? Kuma kilomita nawa rizab yake kai mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da maganar abokinka. Babu wani tanki na biyu. Tanki ɗaya ne, man ma ɗaya ne. In bakanike ya kwance makullin man nan da ke ƙarƙashin tanki ta hagu ya zaro shi, za ka ga bututu biyu a kansa, ko kuma bututu ɗaya dogo da wata ƙofa a gindinsa, duka an lulluɓe su da raga mai tace datti. In ka juya zuwa ON, ta bakin dogon bututun mai yake shiga. Da zarar mai ya sauko ƙasa da bakin nan, sai ya daina zuwa kafireta (inda mai yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji), alhali akwai saura a tanki. In ka juya zuwa RES, wato rizab, ka buɗe ƙofar gindin ke nan, sai sauran ya biyo. Wato rizab shi ne man da ke tsakanin bakin dogon bututu da gindin tanki, kuma tsawon bututun ne yake yanke yawansa.

Da ka gane wannan, dalilan da suka sa rizab ɗinka ya ƙi kawo mai ba su da wuyar ganowa. Wanda ya fi yawa shi ne mantuwa. Mutum ya juya zuwa RES, ya isa gidan mai ya sha, ya manta bai mayar da shi ON ba. Daga ranar, ta ƙofar gindi babur yake sha, kuma zai shanye tankin tas ba tare da ya yi gargaɗi ba. Saboda haka ka duba wane gefen hannun makullin ne yake nuni: a wasu akwai 'yar kibiya, a wasu dogon gefen ne, kuma rubutun yakan goge in babur ya sha jiki.

In ka tabbata a kan ON yake, to akwai abu uku da za a duba. Ko dai dogon bututun ya karye ko ya fita daga mazauninsa, wanda hakan yake mayar da ON ya zama daidai da RES. Ko robar da ke cikin makullin, mai ramuka, ta cinye, sai hanyoyin biyu suka haɗe. Ko kuma, kamar yadda abokinka ya yi hasashe ta wani ɓangaren, ragar gindin ce ta toshe da tsatsa da laka. Bambance su abu ne mai sauƙi: ranar da ya mutu, in ka buɗe murfi ka girgiza ka ji mai yana motsi, toshewa ce. In tankin ya bushe ƙayau, ɗaya daga biyun farko ne. A kula kuma da makullin da aka canza. Na kasuwa ba lallai tsawon bututunsa ya zo daidai da na kamfani ba, sai ka ga rizab ya ragu ko ya ƙaru ba ka sani ba.

Sai batun geji. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, bakanikai suna ce masa fulot, an maƙala shi a bakin wani siririn ƙarfe. In mai ya sauka sai fulot ya sauka, ƙarfen ya goga wani harshe a kan waya da aka nannaɗe, ƙarfin wutar da ke zuwa wa allura ya canza. Abin lura shi ne, tsayin mai yake aunawa, bai san lita ba. Tankin babur kuwa ba akwati ba ne. Samansa faɗi gare shi, ƙasansa ya tsuke ya rabu biyu don ya hau kan ƙarfen firam. Kamar ƙwarya ce: yatsa ɗaya na ruwa a bakinta ya fi yatsa ɗaya a gindinta yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa lita uku na farko da ƙyar suke motsa allura, lita uku na ƙarshe kuwa su kai ta ƙasa a guje.

Ƙari a kan haka, fulot yakan tokare sama tun kafin tanki ya cika, don haka duk man da ke sama da shi, F ɗaya allura za ta nuna har sai ya ƙone. A ƙasa ma haka: yakan zauna daram alhali da sauran mai, ko kuma in ƙarfen ya lanƙwashe, ya tsaya a kwata alhali mai ya kusa ƙarewa. Don haka abin da ka bayyana, daɗewa a F da zubewa bayan rabi, ba lalacewa ba ne. Haka ƙirar take. Rabin geji ba rabin tanki ba ne, galibi abin da ya rage bai kai rabi ba.

Yadda babur yake tsaye ma yana canza karatu. In ka kafe shi a jak na gefe, mai ya gangara hagu, allura za ta faɗi abin da ba shi ba. Haka a gangara ko hawa, ko lokacin da ka taka birki. Karatun da za ka kama shi ne wanda ka gani a fili mai daidai, babur a miƙe, bayan ka kunna makulli ka ɗan jira allurar ta zauna.

Gejin da ya lalace da gaske yana da alamunsa. In allura ta kwanta a E (alamar mai ya ƙare) ko da tanki cike, ko fulot ya huje ya sha mai ya nutse, ko waya ta katse. In tana tsalle-tsalle a wuri guda, wayar da aka nannaɗe ce ta cinye a nan, kuma yawanci a ƙasa-ƙasa ne, inda man mai babur ya saba tsayawa. Gwajin da bakanike zai yi: ya cire soket ɗin wayoyi biyu da suka fito daga ƙarƙashin tanki, ya kunna makulli. A mafi yawan ƙananan babura allura za ta koma E. In ya haɗa wayoyin biyu na ɓangaren babur na ɗan lokaci, ta haura F. In ta yi haka, allurar da wayoyinta lafiya lau, laifin yana cikin tanki. Mai mitar awon wuta zai ga kusan om 10 (om shi ne ma'aunin yadda waya take tare wuta) ko ƙasa in fulot yana sama, kusan 90 zuwa 100 in yana ƙasa, a irin tsarin da ya fi yawa. Raunin batir ma yakan sa wasu allurai su yi ƙarya, don haka a fara da shi kafin a kwance tanki.

Kilomita nawa rizab yake kai ka? Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya bai auna babur ɗinka ba. A ƙananan babura masu tankin lita 9 zuwa 12, rizab yakan kama daga lita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, amma naka za ka auna. Ka kafe babur a jak na tsakiya, inji a sanyaye, a sarari nesa da wuta da masu shan taba. Ka rufe makullin mai, ka zare tiyon da ke zuwa kafireta, ka sa bakinsa a jarka, ka buɗe ON har ya daina zuba. Sannan ka mayar da tiyon cikin busasshiyar gora mai ɗaukar lita uku, ka juya RES. Abin da ya fito shi ne rizab ɗinka. Ka ɗaga gorar a haske ka duba gindinta: in ka ga wani ruwa ya kwanta daban a ƙasa, ko jan gari, ka ga abin da kafiretarka take sha duk ranar da ka shiga rizab. Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindi yake taruwa. Kada ka mayar da wannan ɓangaren cikin tanki.

Sai shan mai. Ka cika tanki zuwa wani wuri da za ka gane a wuyansa, ka rubuta lambar da ke kan mitar ƙirga kilomita. Ka yi harkokinka, ka dawo ka sake cikawa zuwa wurin nan, ka raba kilomita da litar da ya ci. Misali, in ka yi kilomita 160 ya ci lita 4, kana samun 40 a lita. In rizab ɗinka lita 2 ne, lissafi ya ba da 80. Amma kada ka dogara da 80. Akwai man da yake maƙalewa a ɓangaren dama na tanki wanda ba ya isa makulli, sannan goyo biyu da buhu, iskar hunturu ta gaba, tayar da ba ta da iska sosai da sarƙar da ta bushe duk suna ƙara sha. Ka ɗauki kashi biyu cikin uku, wato kamar 50. Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, ka ga zuwa ɗaya ke nan, babu dawowa. Wannan lissafin duka yana buƙatar mita mai aiki. In wayarta da ke zuwa tayar gaba ta tsinke, kamar yadda take a babura da yawa, gyaranta ya fi gyaran geji amfani.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu babura da yawa sun koma sayen na kuɗi kaɗan-kaɗan, kullum a rizab suke yawo. Illar biyu ce. Ta farko, babu sauran gargaɗi. Ta biyu, tankin da kullum rabinsa iska ce yana yin gumi daga ciki, musamman da damina, tsatsa ta kama shi. In aka haɗa da man 'yan bumburutu da ake zubawa daga galan ba tacewa, ragar gindi ba ta daɗewa. Ko ba za ka cika ba, ka riƙa sa mai ya wuce bakin dogon bututu don ka zauna a ON. Lokaci-lokaci kuma ka juya RES na 'yan mintuna bayan ka sha mai, don hanyar ta wanku. In makullinka yana da ɗan kofi a ƙasa, a kwance shi a zubar da dattin duk sanda aka yi juyen baƙin mai.

A kan hanya, in ka ji babur ya fara fizga yana ƙin amsa totur, ka miƙa hannun hagu ka juya RES tun yana tafiya, idonka a kan titi. Yana da kyau ka saba da wurin makullin tun a gida. In ka bari ya mutu, kafireta ta riga ta bushe, sai ka jira kamar rabin minti ta cika kafin ka buga kik. In rizab ɗin ma ya ƙare, ka kwantar da babur sosai ta hagu don man da ke dama ya tsallako, yakan ƙara maka ɗan nisa. In kuwa ya mutu alhali da mai a tanki, ka buɗe murfi: in ka ji tankin ya ja iska kuma babur ya tashi bayan haka, ƙaramin ramin shan iska na murfin ne ya toshe.

Duk wannan na babur mai kafireta ne. Mai injekta, wato wanda famfo ne yake tura masa mai ana fesawa cikin inji, ba shi da makullin RES, fitila ce take kamawa ko sandar ƙarshe ta geji ta riƙa ƙiftawa. Famfonsa galibi yana cikin tanki kuma man ne yake sanyaya shi, don haka yawo da shi a bushe yana rage wa famfon kwana.