Daga ina soson teku yake samun ƙwayoyin cin abinci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin halittu. An koya mana cewa tsutsar soson teku ba ta cin komai sai ta rikiɗa ta zama soso. To daga ina ƙwayoyin halittar da ke tace masa abinci suke fitowa? Ko ƙwayoyin asali ne kaɗai ke haifar da su?

Amsa: Yauwa 'yata, barka kadai. A taƙaice, a'a, ba su kaɗai ba ne. Amma bari mu fara sanin ƙwayoyin biyu tukuna.

Soson teku dabba ne, duk da ba shi da baki, ba shi da hanji, ba shi da jijiyoyi. Ruwa yake zuƙa ta ƙananan ƙofofin jikinsa, ya fitar da shi ta wata babbar ƙofa. Masu wannan aiki su ne ƙwayoyin da ake kira kowanosait. Kowacce tana da wutsiya guda da take kaɗawa, da kwala mai kama da rariya da ta kewaye gindin wutsiyar. Suna jeruwa cikin ƙananan ɗakuna, suna kaɗa ruwa, suna cafke bakteriya. Ƙwayoyin asali kuwa, wato akiyosait, ba su da tsayayyar siffa. Yawo suke yi a tsakiyar jiki, suna rarrabuwa, suna iya zama kowace irin ƙwaya da soso ke buƙata.

Mafi yawan abin da aka sani game da tambayarki ya fito ne daga wani soso mai suna Amphimedon queenslandica, wanda ke rayuwa a tekun gabashin Ostareliya. A 2010 aka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin gadonsa, kuma masana na Jami'ar Kwinsland, ƙarƙashin Bernard Degnan da Sandie Degnan, sun daɗe suna bin diddiginsa. Tsutsarsa tana iyo da ƙananan gasu da suka rufe jikinta, tana rayuwa da guzurin da ta samo daga ƙwai. Idan ta samu wurin da ya yi mata, yawanci kan wani gansakukan teku mai tauri, sai ta manne ta gaba, ta baje. Cikin kwana uku zuwa huɗu ta zama ƙaramin soso mai ɗakunan tace abinci da ƙofar fitar da ruwa.

Abin da masanan suka yi shi ne rina ƙwayoyin fatar tsutsar da wani rini mai ƙyalli, sannan suka bar ta ta rikiɗa. A sakamakon da suka fitar a 2014, an ga ƙwayoyin nan masu gashi sun zubar da gashinsu, sun nutsa cikin jiki, sun ɗauki siffa irin ta akiyosait, daga baya kuma rinin ya bayyana a jikin kowanosait. Ke nan ƙwayar da jiya take tuƙa tsutsa a ruwa, ita ce yau take ciyar da soso. Ba dukkansu ke tsira ba. Wasu mutuwa suke yi, akiyosait su haɗiye su, jiki ya mori abin da ke cikinsu. Su ma akiyosait ɗin da tsutsa ta zo da su suna ba da nasu kason na kowanosait. Ɗaki yana girma ta hanya biyu: ƙwayoyin da suka fara kafa shi su yi ta rarrabuwa, wasu kuma su shigo daga waje su shiga layi.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne, hanyar ba ta tafiya kaɗai ba ce, har da dawowa. Da aka rina kowanosait na ƙaramin soso, sai aka ga wasu sun bar ɗakinsu, sun yar da wutsiya da kwala, sun koma akiyosait. Noriko Funayama ta Jami'ar Kiyoto a Japan ta ga alamar haka a soson ruwan daɗi, Ephydatia fluviatilis: ƙwayar gado mai suna piwi, wadda aka san ta da aiki a ƙwayoyin asali, tana aiki a nau'o'in biyu duka. Shi ya sa ta ce tsarin ƙwayoyin asali na soso a kan su biyun ya tsayu. Ko maniyyi ma, a sosuna da yawa daga kowanosait yake samuwa.

Ki kula dai, kada ki ɗauki Amphimedon ya zama mizanin kowane soso. A sosuna masu ƙashin alli, irin su Sycon, rabin tsutsar ƙananan ƙwayoyi ne masu gashi, rabi manya marasa gashi. Masu gashin ne ke shigewa ciki su zama kowanosait, manyan su zama fata, kuma a can kowanosait ne ke ɗauke da nauyin sabunta jiki.

Wannan ya taɓa wata tsohuwar muhawara. Tun a shekarun 1860 Henry James-Clark ya lura kowanosait sun yi kama da wasu halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya, kowanofilajelet, har aka daɗe ana ganin dabbar farko tarin irin waɗannan ƙwayoyi ce. A 2019 masanan Kwinsland suka kwatanta ƙwayoyin gadon da ke aiki a kowane nau'i, suka tarar akiyosait ne suka fi kusa da waɗannan halittu. Ba kowa ya yarda da fassararsu ba, ni ma ina ganin soso guda bai isa ya yanke hukunci kan asalin dabbobi duka ba. A jarrabawa dai, ki rubuta cewa a Amphimedon kowanosait suna fitowa daga ƙwayoyin fatar tsutsa da kuma akiyosait, kuma suna iya komawa akiyosait.